Ba Kyamara Ce Ta Ɓata Sautin Ba, Edita Ne

Duk ranar da aka kai wa mai tace bidiyo ƙorafi a kan sauti, amsarsa ɗaya ce, daga Zoo Road a Kano har Kaduna da Jos: "Wallahi haka kyamara ta ɗauko." Na gaji da jin wannan magana. A mafi yawan lokuta ba gaskiya ba ce. Ba wai mai faɗin ya zauna ya shirya yaudara ba ne. Shi kansa bai san abin da kyamarar ta ɗauko ba, domin bai taɓa zama ya saurara ba, kuma wanda ya rantse a kan abin da bai bincika ba, ban ga me ya raba shi da maƙaryaci ba.

Kyamarar aiki ta yanzu ba murya ɗaya take adanawa ba. Manyan kyamarorin Sony da Canon da Panasonic suna rubuta canel huɗu a cikin kowane fayil, wasu har takwas, ko an jona musu makirfo ko ba a jona ba. A na ɗaya wataƙila akwai ɗan makirfon da aka maƙala wa mai magana a wuyan riga. A na biyu akwai dogon makirfon da yaro ya riƙe da sanda. Na uku da na huɗu na jikin kyamarar ne, masu kwashe-kwashe: ƙugin janareta, hon ɗin Adaidaita Sahu, kukan akuyar maƙwabta, numfashin mai ɗaukar hoton da motsin yatsunsa. Sauran ko dai wofi ne, ko wani siririn shuuu ne a ciki. Edita ya jawo fayil ya jefa a taimlayin, layuka su zubo masa har ƙasa, ya ga sun cika masa fuska, sai ya yi ɗayan biyu. Ko ya bar su duka su yi ta kuka tare, ko ya zagaye na ƙasa ya goge ya bar biyun sama, ba don ya san abin da ke cikinsu ba, sai don kawai su ne a sama. Wanda ya bari da wanda ya goge laifinsu ɗaya: sun yanke hukunci da ido a kan abin da kunne ne alƙalinsa.

Mu fara da mai barin komai, don shi ya fi yawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, a zafin Kano ma ya ɗan fi haka. Makirfon wuyan riga yana jin murya tun tana fitowa daga baki. Kyamarar da ke tsaye a nisan mita 7 kuwa sai bayan kusan kashi ɗaya cikin 50 na sakan muryar za ta iso mata. Idan ka haɗa su biyun ka sake su tare, murya ɗaya ce ke zuwa sau biyu, ɗaya na bin ɗaya, wasu sassanta su ƙarfafa juna wasu su kashe juna. Shi ne za ka ji murya ta rasa kauri, ta yi kogo, kalmomi suna cakuɗewa a ƙarshensu. A hoton da ke tafiya a firam 25 cikin sakan, wannan jinkiri rabin firam ne, don haka ko ka ce za ka tura layin gaba ko baya da firam ɗaya ba za su haɗu ba. To me edita ke yi? Sai ya ƙara ƙarfin sauti. Ya ƙara wa muryar, ya ƙara wa janareta, ya ƙara wa akuya. Wani lokaci kuma makirfo ɗaya ne aka rubuta a canel biyu, ya bar su duka, ƙarfin ya tashi da desibel 6, allurar ta shige ja, sautin ya fashe, shi kuwa yana can yana gyara launin fuskar jaruma.

Inda wannan ya fi ƙona mini rai shi ne bidiyon tafsiri da karatuttukan azumi. An jawo waya daga na'urar masallaci kai tsaye zuwa kyamara, muryar malam ta shigo tas, ba ƙura. Sautin yana nan kwance a canel na ɗaya. Amma edita ya bar makirfon jikin kyamara a buɗe a kansa, wanda ya kwaso amon lasifikokin da ke dukan bango suna dawowa, da fankoki, da tarin jama'a. Malam yana bayanin rabon gado ko nisabin zakka, wurin da kuskuren jin lamba ɗaya ke canza hukunci, tsohuwa ta kanga waya a kunne tana ta "me ya ce?" Kyakkyawan sautin yana hannun edita, shi ya binne shi da kansa. A ce mini wannan laifin kyamara ne?

Sai bidiyon kunne ɗaya. Ƙananan makirfo marasa waya sun cika gari yanzu, irin su Rode Wireless GO II da ya fito a 2021 da 'yan'uwansa masu araha. Biyu ne a akwati, ɗaya na mai tambaya ɗaya na baƙo, kuma ana iya saita su yadda kowa zai faɗa ɓangarensa: wannan hagu, wancan dama. An yi haka ne da gangan domin edita ya samu kowace murya ita kaɗai, ya daidaita ta, sannan ya dawo da su duka tsakiya. Namu sai ya ɗora shi yadda ya zo. Ka je ka duba yadda mutanenmu ke saurare. Mai shago ya sa iyafis a kunne ɗaya ya bar ɗayan don ciniki. 'Yan mata biyu sun raba waya ɗaya, kowa da kunne guda. Ga kuma wanda Allah ya jarrabe shi da rashin ji a kunne ɗaya. Duk waɗannan za su ji tambaya ba amsa, ko amsa ba tambaya. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Wanda ya kasa ba mai sauraro minti ɗaya, da wane ido yake roƙonsa ya danna masa alamar bibiya?

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma ina so masu wannan sana'a su karanta nan da kyau. Wayar makirfo ta ƙwararru, mai baki uku da ake kira XLR, tana ɗauke da sautin ne sau biyu: ɗaya a miƙe, ɗaya a kife. Hikimar ita ce, idan suka isa na'urar da aka yi dominsu, sai ta juyo da na kifen ta haɗa su, duk hayaniyar da waya ta kwaso a hanya ta mutu, murya ta tsira. To sai a je wurin biki, a ce wa mai kiɗa ya ba da layi daga mikisarsa, a ɗauko wata wayar da aka haɗa a kasuwa, a cusa ta a ƙaramin ramin sitiriyo na kyamara. Kyamara ba ta san komai ba, sai ta zuba na miƙen a hagu, na kifen a dama. A ɗakin edita, da sifika biyu ko abin kunne, za a ji magana, sai dai ta yi wani iri, ba ta tsaya a tsakiya ba. Ya fitar da aiki ya tura. Amma wayoyin da suka fi yawa a hannun talakawanmu masu sifika ɗaya ne, kuma mai sifika ɗaya sai ta haɗa hagu da dama kafin ta furta. Miƙe ya gamu da kife, suka share juna. Bakin waliyyi yana motsi, ba a jin komai sai ɗan ƙus-ƙus. Dangin amarya su kira su ce babu sauti, edita ya kunna a kwamfutarsa ya ji yana nan, ya ce musu wayarsu ce ta lalace. Wayarsu lafiyarta lau. Maganin shi ne a kashe canel ɗaya gaba ɗaya a cika ɓangarorin biyu da ɗayan, kuma da ya danna maɓallin mono sau ɗaya kafin ya fitar, ko ya tura wa kansa ya saurara a ƙaramar waya, da ya kama abin da kunnensa. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Mutanen nan ba su da wata rana ta biyu da za su sake kiranka.

Kada mai goge layuka ya ji ina ta faɗa da ɗan'uwansa ya ɗauka shi ya tsira. Shi ɓarnarsa ba a jin ta ne kawai, domin abin da ya hallaka ba ya nan balle ya yi ƙara. Makirfon kyamarar nan da na ce yana ɓata tafsiri, shi ne kaɗai ya ɗauki "amin" ɗin jama'a lokacin da liman ke addu'a, shi ya ɗauki guɗar da aka rangaɗa sa'ad da amarya ta fito, shi ya ɗauki dariyar ƙawaye a wurin kamu. Layin mikisa bai san da su ba, abin da aka faɗa a makirfon hannu kaɗai ya sani. Ka goge na kyamara daga farko zuwa ƙarshe, sai biki ya koma na kurame, mutum ɗari uku suna tafi ba a jin tafinsu. Canel ɗin da ya zama shara a minti na biyar, shi ne dukiya a minti na ashirin. Aikin edita ya san lokacin da zai buɗe shi da lokacin da zai rufe, kuma wannan sanin ne ake biyansa kuɗi a kai, ba iya danna linzami ba.

Haka nan canel ɗin da ake gani siriri a ce ba shi da amfani. Wancan makirfon na Rode yana da saitin da zai rubuta murya ɗaya sau biyu, na biyun ƙasa da na farkon da desibel 20. An yi shi ne don ranar da jarumi zai daka tsawa ko mai wa'azi ya ɗaga murya babban ya fashe, sai a ɗauko ƙaramin a cike gurbin. Wanda bai sani ba ya ga ɗan siririn zane ya share shi, ya jefar da abin da zai cece shi. Ga kuma fayil mai tsarin 5.1, irin na finafinan waje, mai canel shida: hagu, dama, tsakiya, na ƙugi, da biyu na baya. Maganar 'yan wasa kusan duk a na tsakiya take, wanda a jerin da aka fi amfani da shi shi ne na uku. Mai ɗabi'ar "bar biyun sama ka goge saura" zai tashi da kiɗa da ƙarar mota, ba bakin kowa. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa ma abin ya shafe su ta ɗaya gefen, don su muryar asali suke son cirewa su bar kiɗa da sauran motsi. Wanda ya san inda magana take zai cire ta ita kaɗai. Wanda bai sani ba shi ne yake danne sautin fim ɗin gaba ɗaya duk sanda zai yi magana, ya sake shi idan ya yi shiru, kiɗa yana nutsewa yana tasowa har kan mai kallo ya yi ciwo.

Abin haushin shi ne gyaran ba wani asiri ba ne. Kowace uwargida ta san tun shinkafa tana kan faranti ake tsince tsakuwa, ba sai ta dahu an zuba miya ba. Kafin ka yanka ko firam ɗaya, ka buɗe fayil ɗaya daga kowace kyamara da kowace ranar aiki, ka saurari kowane canel shi kaɗai, ka rubuta abin da ke ciki. Sannan ka gaya wa manhajar. A Premiere Pro, ka zaɓi fayilolin duka tun suna cikin ma'ajiyar aikin, ka shiga Modify, ka shiga Audio Channels, ka faɗi layi nawa kake so, mono ne ko sitiriyo, da canel ɗin da zai hau kowanne. A DaVinci Resolve wurin shi ne Clip Attributes. A Final Cut Pro za ka ga jerin canel ɗin a gefen dama, ka cire alamar wanda ba ka so. Makirfo ɗaya mono ne, ka mai da shi mono ya zauna a tsakiya. Na wofi kada su hau taimlayin sam. Na kyamara ka ba shi layinsa daban, a kashe, ka riƙa buɗe shi inda ake bukata. Babu ɗaya daga cikin wannan da ke taɓa ainihin fayil ɗin, komai yana nan idan ka canza shawara.

Masu ƙera manhajojin ma suna da nasu kason, ba zan rufe musu ba. A Premiere Pro, idan ka riga ka jera aikinka sannan ka koma ma'ajiya ka canza yawan layukan fayil, abin da ke kan taimlayin ba zai bi ba, sai sabon da za ka jawo. Wato shawarar da ta fi kowace muhimmanci ana bukatar ta ne a lokacin da sabon shiga bai ma san akwai ta ba, kuma an ɓoye ta a ƙarƙashin jerin umarni. Me zai hana manhaja ta duba ta ce maka canel huɗu daga cikin takwas ɗin nan babu komai a ciki, a bar su ko a ajiye? Amma wannan ba mafaka ba ce ga kowa. Kamfanin Blackmagic ya sayi Fairlight a 2016, ya zuba shi cikin Resolve a 2017, kuma akwai Resolve na kyauta. Cikakken ɗakin haɗa sauti ne a kwamfutarka ba ka biya ko kwabo ba. Kayan aiki ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Yanzu ga maganar da ta wuce ta daɗin kunne. Ranar 28 ga Afrilu, 2010, Firaministan Birtaniya Gordon Brown yana yaƙin neman zaɓe a Rochdale, ya gama magana da wata dattijuwa, ya shiga mota da makirfon Sky News a jikin rigarsa bai sani ba, ya aibata ta. Kafin yamma duniya ta ji, sai da ya koma har gidanta ya ba ta haƙuri, saura kwana takwas zaɓe. Wannan shugaban gwamnati ke nan mai tarin masu tsaronsa. To ina ga amaryar da aka maƙala wa makirfo tun ana yi mata kwalliya? Ina ga angon da ya ja abokinsa gefe suna maganar bashin da aka ci aka yi bikin? Ina ga malamin da aka gama hira da shi, kyamara tana ci gaba da juyawa, ya saki jiki yana faɗin abin da ba don duniya ya faɗa ba? Duk yana cikin canel na biyu ko na uku. Ka kashe shi a taimlayin, ka goge shi ma, yana nan daram a ainihin fayil ɗin. Sai a ce maka "turo mana ɗanyen ma", ka kwafa a filashi ka ba yaro ya kai. Ko ka fitar da aiki da saitin da ke ajiye kowane canel daban, wanda ka ɗauka ka rufe ya bi fayil ɗin ya tafi. Ko kwamfuta ta lalace ka kai ta gyara da sirrin gidaje hamsin a cikinta. A garin da sautin minti ɗaya a WhatsApp yake kashe aure ya zubar da mutuncin gida, editan da bai san abin da ke cikin canel ɗinsa ba yana yawo ne da amanar mutane bai ma san yana ɗauke da ita ba. Idan za ka ba da ɗanyen aiki, ka saurare shi tukuna, ka fitar da kwafin da babu abin da bai kamata ya fita ba. Ƙaramar manhajar FFmpeg, ita ma kyauta, tana cire layin sauti daga fayil ba tare da ta taɓa ingancin hoton ba.

Daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa yau an haura shekara talatin ana wannan sana'a a ƙasar Hausa. Na farkon suna da uzuri, kaset ne da makirfo ɗaya, abin da ya shiga ya shiga. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, mai kallonmu yake jin namu da na wasu a waya ɗaya, a jere, kuma kunnensa ya waye. Hotonmu ya yi kyau ƙwarai, ban musa ba. An sayi kyamarori, an sayi jirgin ɗaukar hoto daga sama, an iya launi. Sauti ne har yanzu ake yi wa kallon ɗan kishiya. Wuraren koyar da editin da suka cika unguwanni suna karɓar kuɗin yara su koya musu yadda rubutu zai yi tsalle ya juya, a ba su takardar shaida, ba a taɓa zaunar da su an ce rufe idonka ka gaya mini abin da ke cikin canel na uku ba.

Kai kuma Alhaji furodusa, ranka ya daɗe, da kai nake. Kai ne kake kawo aikin awa goma da daddare ka ce gobe da safe kake so. Kai ne ka ɗauki mai kyamara biyu da mai kwalliya uku, ka ce mai sauti ɓarnar kuɗi ne, yaron da ke sayo ruwa ya riƙe sandar. Kai ne ba ka taɓa tambayar mai ɗaukar hoto ya rubuta a takarda wane makirfo ya shiga wane rami ba, abin da zai rage wa edita rabin wahalarsa. In an kawo maka aiki, kada ka karɓa a ɗakin edita mai manyan sifiku. Ka ce a tura maka a ƙaramar wayar direbanka, ka saurara daga sifikarta, sannan ka sa iyafis a kunnen hagu kaɗai, ka mayar dama kaɗai. In murya ta ɓace a ɗaya daga cikin ukun, ka riƙe cikon kuɗinsa ka mayar masa da aikin, ka kuma ƙara masa kwana ɗayan da tun farko ka hana shi.